Na kai Baba ganin katakon da ya shekara 140 a cikin ruwa: jirgin gilashi na Tobermory

Baba kafinta ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana aikin rufi da ƙofofi da tagogi a Zariya kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, kuma duk wanda ya zauna hira da shi ya san ba a minti goma zancen gara bai shigo ba. Ita ce abokiyar gabarsa tun yana yaron shago. Ya shafa wa katako baƙin mai, ya ɗora shi kan dutse, ya yi duk dabarar da ya gada, amma damina biyu uku sai a aiko masa cewa rufin ya soma zubar da gari. Da ya zo wurinmu a Kanada ganin jaririyar da muka samu, mun kai shi Niyagara, inda ruwan kogi yake zubowa daga kan wani babban tsauni, ya kalli ruwan ya yi tasbihi, bayan rabin awa ya ce mu tafi gida. Mun kai shi doguwar hasumiyar Toronto, ya ƙi hawa. Sai wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani ƙauye a bakin Tafkin Huron, inda ake ɗaukar mutane a jirgin ruwa mai gilashi a ƙasansa, a kai su kan wani jirgin katako da ya nutse tun 1885, kuma har yau yana nan zaune da ƙirarsa. Da na gaya wa Baba, shiru ya yi, sannan ya ce, "Uwata, katako a ruwa shekara ɗari? Ko dai sun sake shi ne ba su faɗa ba?" Ranar na sayi tikiti.

Sunan ƙauyen Tobermory, a jihar Ontariyo. Yana can ƙurewar wani dogon zirin ƙasa da ake kira Bruce, wanda ya raba ainihin Tafkin Huron da babban sashensa na gabas, Georgian Bay. Daga Toronto kusan kilomita 300 ne, tafiyar awa huɗu in hanya ta yi kyau, mu kuwa da jaririya da tsoho mai ciwon gwiwa sai da muka yi biyar da rabi. Daga garin Owen Sound za ka kama hanya mai lamba 6, ka miƙe arewa har sai kwalta ta ƙare a bakin ruwa. Ba a ɓata. Mu biyar ne: ni, da maigidana, da Baba, da ɗanmu mai shekara bakwai, da jaririyar a goye. A watan Agusta muka je, ranar Asabar, kuma wannan shi ne abu na farko da zan ce kada kowa ya kwaikwaye mu a kai. Ƙauyen ƙarami ne ƙwarai, amma a ƙarshen mako na lokacin zafi cika yake yi maƙil, kamar duk Toronto ta kwashe ta taho.

Kamfanonin da ke wannan jigila sun fi ɗaya, tsarinsu kuma kusan iri ɗaya ne, don haka ba zan kama sunan wanda muka shiga ba. Akwai tikitin da za a zaga da kai a dawo da kai ba tare da ka sauka ba, akwai kuma wanda za a sauke ka a tsibirin Flowerpot ka yi 'yan awoyi a dawo a ɗauke ka. Na biyun muka saya, ta intanet, sati biyu kafin ranar. Wanda ya ce sai ya iso zai saya a lokacin zafi, to ya shirya komawa da haushi, don a gabanmu aka sallami wasu iyali da suka taso tun daga Brampton da ke kusa da Toronto ba su yi tanadi ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Da na jirgi, da haraji, da kuɗin shiga tsibirin da hukumar kula da gandun daji ta ƙasa take karɓa a kan manya, abin da ya fita aljihunmu ya haura dalar Kanada 200, ban da mai da abinci. Yara ba a karɓi kuɗin shiga tsibirin a kansu ba, amma babban ya biya kujerarsa ta jirgi.

Wurin ajiye mota ya ba mu wahala. Yana da 'yar tazara daga inda jirgin yake tashi, kuma ba wanda ya gaya mini lokacin sayen tikiti cewa in da tsoho a tare da mu gara a fara sauke shi a bakin ruwa. Baba ya taka da sandarsa yana hutawa, bai ce uffan ba, amma na ga yadda yake cije leɓe. Da ma'aikatan jirgin suka gan shi kuwa, gaskiya sun kyauta. Wata yarinya daga cikinsu, da alama ɗaliba ce mai aikin hutu, ta cire shi daga layi ta shigar da shi farko, ta riƙe masa hannu a kan 'yar gadar shiga, ta nemo masa kujera a gefen da ta ce nan ne zai fi gani. Baba ya yi ta sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana ta murmushi tana gyaɗa kai.

Tobermory tana da mashigin ruwa biyu. Ƙaramin, Little Tub, shi ne tashar jiragen ƙauyen, shaguna da gidajen abinci sun kewaye shi. Babban, Big Tub, wani dogon lungu ne mai zurfi da ya kutsa cikin ƙasa, itatuwa da gidajen hutu a gefe da gefe, da farar hasumiyar fitila a bakinsa wadda aka gina a 1885. Daga tashi zuwa shiga wannan lungun bai fi minti goma ba. Direban ya rage gudu, ƙarar injin ta kwanta, ruwan da yake shuɗi mai duhu a waje ya soma komawa kore garau, har kana ƙirga duwatsun ƙasa. Mai bayani ya ce kowa ya duba hannun dama.

Ban san yadda na zaci abin zai kasance ba. Ina jin tarin ruɓaɓɓun katakai na sa rai zan gani, a ce mini wai wannan jirgi ne. Abin da ya taso mana daga ƙarƙashin ruwan jirgi ne sosai, cikakke, zaune daram a kan cikinsa kamar an ajiye shi jiya. Ga goshinsa mai tsini. Ga allunan daɓensa a jere, ɗaya na bin ɗaya, har kana ganin layin da ke tsakaninsu. Ga manyan ƙofofin rumbun kaya a buɗe, baƙi ƙirin a ciki. Ga ramukan da turakun kama iska suke tsaye a da. A wajen goshin kuma akwai wani ƙaton gungume kwance a gicciye, wanda da shi ma'aikatan jirgin suke naɗe sarƙar anga, yana nan a mazauninsa. Zurfin wurin kamar mita shida ne, saman jirgin kuwa kusa yake da fuskar ruwa ƙwarai, har sai ka ga kamar in ka miƙa sanda za ka taɓa.

Sunansa Sweepstakes. An ƙera shi a 1867 a garin Burlington da ke bakin Tafkin Ontariyo, tsawonsa kusan mita 36, ba shi da inji, iska ce take tura shi da turaku biyu. A watan Agustan 1885 yana ɗauke da kwal ya daki dutse a kusa da tsibirin Cove, wanda ba shi da nisa da nan. Aka jawo shi zuwa cikin wannan lungun da niyyar gyara, gyaran bai yiwu ba, a watan Satumba ya nutse a inda yake. An kwashe kwal ɗin, an cire duk abin da zai yi amfani, aka bar gangar jikin.

Baba ya miƙe tsaye, ya manta da sandar. Ya dafa ƙarfen gefen jirginmu da hannu biyu ya sunkuya har maigidana ya riƙo masa riga ta baya. Ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki, ba da ni yake ba, da kansa yake: "Dubi kaurin allon nan. Dubi yadda suka lanƙwasa shi ya bi haƙarƙarin." Sai ya juyo ya ce, "Uwata, tambaye shi wane ice ne." Na tambaya, aka ce galibin jiragen wancan zamanin a Huron da sauran manyan tafkunan yankin da farin icen oak ake ƙera su, wanda a lokacin ya cika dazuzzukan yankin. Na ce masa wani ice ne mai tauri da nauyi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Ya ce, "To, kiryarsu ke nan." Tambayarsa ta biyu ita ce mutum nawa suka rasu a ciki. Da aka ce ba a rasa rai a wannan jirgin ba, ya ce alhamdulillahi, sannan ya saki jiki ya ci gaba da kallo.

'Yan taku kaɗan daga nan akwai jirgi na biyu, City of Grand Rapids, jirgin fasinja mai tafiya da tururi da aka ƙera a 1879. Shi gobara ce ta ci shi a watan Oktoban 1907 yana ɗaure a tashar Little Tub. Don kada wutar ta kama tashar da sauran jirage, aka jawo shi waje aka sake shi, ya yi ta ci har ya shigo wannan lungun ya nutse. Abin da ya rage ƙasan gangar ne da haƙarƙarinsa da wasu ƙarafa, a ruwa marar zurfi, har wani ɓangaren kan leƙo waje. Ba shi da kyan gani kamar na farkon, amma Baba ya ce ganinsu gefe da gefe ya fi masa komai: wanda ruwa ya ci yana nan lafiya, wanda wuta ta ci saura ƙashi.

Yanzu maganar gilashin, tun da shi ne abin da ake tallatawa. A nan ne na ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A hoton talla za ka ɗauka duk ƙasan jirgin gilashi ne. A zahiri wasu tagogi ne a tsakiyar ɗakin ƙasa, an kewaye su da ƙarfe, kuma da aka iso kan jirgin da ya nutse kowa ya ruga can lokaci guda. Na sauka da ɗana, muka tarar da mutane sahu uku a kan tagogin, kowa ya miƙa waya. Da ƙyar wani bawan Allah ya matsa ya ba yaron wuri. Abin da ake gani ta wurin alluna ne suna wucewa dab da kai, kusa sosai, har da 'yan kifaye, amma ba ka ganin jirgin gaba ɗayansa, kamar mai leƙen gida ta kafar ƙofa. Waɗanda suka tsaya a sama, a waje, su suka more. Ruwan nan garau yake, ba ya buƙatar gilashi. Abin da yake buƙata shi ne safiya, kafin iska ta taso ta yamutsa fuskar ruwa, da tabarau irin mai kashe ƙyallin rana. Maigidana yana da shi, ya ba Baba ya sa, Baba ya ce kamar an yaye labule.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne gajartar lokacin. Ban duba agogo ba, amma duka zaman da muka yi a kan jiragen biyu ba na jin ya kai kwata. Direban ya yi ƙoƙari, ya juya jirgin don na dama da na hagu kowa ya samu, amma wani jirgin yana bakin lungun yana jiran mu fita. Mutumin da ya yi tafiyar awa biyar saboda wannan abu ɗaya, kwata ba ta ishe shi ba. Lasifikar ma in kana waje ba ka jin rabin abin da ake faɗa, ga iska ga inji, ni kuma ina fassara wa Baba, don haka da yawa ya wuce ni. Sai daga baya, da jirgin ya miƙi hanyar tsibiri, na je na sami mai bayanin na ce mahaifina kafinta ne kuma yana da tambaya. Mutumin ya zo ya durƙusa kusa da kujerar Baba, suka yi hira ta bakina kusan duk hanyar. Wannan ba ya cikin tikiti, kuma shi ne abin da na fi yaba musu.

Tambayar Baba ɗaya ce: me ya hana shi ruɓewa? A saninsa ruwa da katako ba sa ga maciji. Amsar, da abin da mutumin ya faɗa da abin da na ƙara karantawa a cibiyar baƙi ta hukumar gandun dajin da yamma, ga ta. Teku ma tana da tata garar. Wata halitta ce doguwa kamar tsutsa, ko da yake dangin masu kwanso ce, tana huda katako ta shige ta cinye shi ta ciki, ta bar shi kamar saƙar zuma. Jirgin katako in ya nutse a teku mai ɗumi, cikin 'yan shekaru duk abin da yashi bai rufe ba ya tafi. To wannan halittar sai da gishiri take rayuwa, ruwan waɗannan tafkuna kuwa ruwan daɗi ne, ba ta iya zama a ciki. Da na fassara masa wannan, Baba ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe har a teku ba a tsira ba. Na biyu sanyi. Ƙwayoyin da suke ruɓar da ice ba sa kuzari a ruwan sanyi, kuma can ƙasan tafkin, inda yake da zurfi, ruwan yana zama wajen digiri 4 na ma'aunin Celsius rani da damina. Na uku, rashin gishirin yana sa ƙusoshi da ƙarafan da suka riƙe allunan su daɗe tsatsa ba ta cinye su ba. Baba da kansa ya ƙara na huɗu, mai bayanin kuma ya ce haka ne: ba ruwa ne yake kashe katako ba, jiƙa da bushewa ne, yau a jiƙe gobe a rana. Wanda ya zauna cikin ruwa dindindin, iska ba ta taɓa shi, ya fi wanda ke bakin rijiya kwana. Shi Sweepstakes kuma ya yi dace da makwanci, don lungun ya kare shi daga manyan igiyoyin ruwa da suke farfasa jiragen da suka nutse a fili.

Amma ba a ce yana nan har abada ba, kuma na ji daɗi da ba su ɓoye mana hakan ba. Gefunansa sun soma buɗewa saboda tsufa, har hukumar ta sa masa sandunan ƙarfe ta ciki don su riƙe shi. An kuma toshe hanyar shiga cikinsa ga masu nutso, saboda kumfar numfashinsu tana taruwa a ƙarƙashin allunan daɓen tana lalata su. Ƙanƙarar hunturu ma tana taɓa jiragen da ke ruwa marar zurfi. Sai kuma baƙuwar annobar da ta shigo tafkunan, wasu 'yan ƙananan halittu masu kwanso, ba su fi farcen yatsa ba, masu zane a baya kamar jakin dawa. Asalinsu daga yankin Baƙar Teku da Tekun Kasfiyan ne, sun biyo ruwan da manyan jiragen kaya suke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi, aka fara ganinsu a Tafkin St. Clair, da ke kudu da Huron, a 1988. Suna tace ruwa su ƙara masa haske, wanda mai kallo zai ji daɗinsa, amma suna manne wa katako da ƙarfe dubu bisa dubu, su rufe aikin hannun da ke jiki, su ƙara masa nauyi. Baba ya ce to ga garar ta iso, ta canza kaya ne kawai. Ya faɗe shi da jimami, ba da wasa ba.

Waɗannan biyun da muka gani somin taɓi ne. Ruwan da ke kewaye da Tobermory gandu ne na ƙasa mai suna Fathom Five, wanda aka kafa a 1987, shi ne irinsa na farko a Kanada, kuma jiragen da suka nutse a cikinsa sun haura ashirin. Dalilin yawansu shi ne nan ce ƙofar da jirage suke bi tsakanin Huron da Georgian Bay, ga tsibirai, ga duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa, ga hazo, ga guguwar ƙarshen shekara. Akwai Arabia, wanda ya nutse a 1884 da lodin masara, yana zurfin da ya haura mita 30, sai ƙwararrun masu nutso suke kai masa. Akwai W.L. Wetmore da guguwa ta haɗa da dutse a watan Nuwamban 1901. Masu nutso sai sun yi rajista kafin su shiga, kuma doka ta hana ɗaukar ko ƙusa ɗaya. Da mai bayanin ya kawo zancen guguwar Nuwamban 1913, wadda ta kashe ma'aikatan jirage sama da 250 a waɗannan tafkuna, mafi yawansu a Huron ɗin nan da muke kai, sai jikina ya yi sanyi. Tun safe muna ta ɗaukar hoto, na manta cewa wasu daga cikin jiragen da ke ƙarƙashin wannan ruwan kaburbura ne. Baba ya yi salati, ya daɗe yana kallon ruwan. Daga inda muke ba ka hango ɗaya gaɓar, in ba an gaya maka ba rantsuwa za ka yi teku ce.

Tsakanin lungun da tsibirin Flowerpot kusan kilomita shida da rabi ne, kuma da mun fita fili ruwan ya canza hali. Jirgin ya riƙa tashi yana faɗuwa, iska mai sanyi tana dukan fuska duk da watan Agusta ne. Ɗana ya yi jiri, wata mata a bayanmu ta yi amai. Ku tafi da rigar sanyi ko da kun baro gari ana zufa, mai saurin tashin zuciya kuma ya sha magani tun kafin a tashi. Rigunan kariya daga nutsewa suna nan, an nuna mana inda suke tun kafin a kunna inji, har da na yara, an kuma ƙirga mu da shiga da fita. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da yadda zan iya faɗa.

Tsibirin kansa kyakkyawa ne. Sunansa ya samo asali daga wasu dogayen duwatsu biyu da suke tsaye a bakin ruwa, ƙasansu siriri samansu faffaɗa kamar tukunyar shuka fure, ruwa da ƙanƙara ne suka sassaƙe su a tsawon zamani. Ana hango su da kyau daga cikin jirgi. Sauka kuwa, ga mai tsoho ko mai goyo, ban ba da shawara ba. Hanyar duwatsu ce da saiwoyin itace, keken jariri ba ya biyuwa, babu motar da za ta ɗauke ka, kuma dole ka shiga da ruwan shanka ka fito da shararka. Baba bai iya kaiwa wurin duwatsun ba. Muka shimfiɗa masa darduma a kan wani faffaɗan farin dutse kusa da inda aka sauke mu, maigidana ya tafi da yaron, ni da shi da jaririya muka zauna. Ya ce zai yi alwala da ruwan tafkin. Ya tsoma hannu ya janye da sauri, ya ce, "Kai! Yanzu na yarda." A nan muka yi azahar da la'asar a haɗe, ba wanda ya dame mu, masu wucewa ma sai su kauce su ba mu wuri. Awa uku muka yi a tsibirin, kuma da na san haka ne da tikitin zagayawa kawai na saya, in yi amfani da ragowar kuɗin mu sake shiga jirgin farko na washegari don Baba ya ƙara ganin abin da ya kawo shi.

Abinci a ƙauyen kusan duk soyayyen kifi ne da dankali, kifin tafkin ne fari mai daɗi. Sai dai a tambaya kafin a saya, domin wurare da yawa da giya suke kwaɓa fulawar da suke tsoma kifin. Wuri na farko da muka shiga haka ne, suka gaya mana gaskiya, na biyu suka gasa mana shi ba fulawa. Masallaci babu, naman halal ma ban gani ba, don haka guzurin da na yi na dambun nama da burodi ya yi rana. Ana cikin cin abincin ne babban jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa tsibirin Manitoulin ya shigo tasha, goshinsa ya ɗaga sama motoci suka riƙa fitowa daga cikinsa. Sunansa Chi-Cheemaun, wato babban kwale-kwale a harshen Ojibwe, mutanen da wannan yankin yake ƙasarsu tun kafin zuwan Turawa. Ɗana ya fi murna da wannan a kan duk abin da muka biya kuɗi muka gani.

In an tambaye ni ko a je, zan ce a je, amma a tsakiyar mako, a jirgin farko na safe, a tsaya a waje ta gefe, a bar gilashin ga yara. Wanda ya iya tuƙa ƙaramin kwale-kwale ana ba da haya a ƙauyen, mun ga masu shi suna shawagi a hankali a cikin lungun, ba mai hanzarta su, kuma na yi sha'awarsu. Wanda yake neman wurin wasa da hayaniya, wannan ba nasa ba ne. A cikin taurari biyar zan ba su huɗu, ɗayan na riƙe saboda gajartar tsayuwa da cunkoson gilashi.

A hanyar dawowa, wajen garin Wiarton, na ɗauka Baba barci yake. Sai na ji yana magana ƙasa ƙasa a kujerar baya. Saƙon murya yake yi wa tsohon yaron shagonsa, wanda yanzu shi ke riƙe da shagon a Zariya. Ya tura masa hotuna bakwai, duk na wuri ɗaya, inda allunan gefe suka haɗu da goshin jirgin. Yana ce masa ya buɗe na uku ya ƙara girmansa, ya dubi yadda aka saka kan kowane allo cikin gurbin da aka fafe masa, ba a ɗora shi a kai aka buga ƙusa ba. Ya maimaita masa sau biyu. Sannan ya ce in ya dawo akwai ƙofar da yake so su gwada yi a haka, ya nemo masa busasshen maɗaci mai kauri ya ajiye.